Sauron bana ba ya jin magani: wane sange ya kamata ka rataya?

Cikin watan Agusta, lokacin da Gulbi ya kawo ruwa kuma kowane rami a bayan gida ya zama ƴar ƙorama, gwaggona da ke unguwar Bagalam a nan Maraɗi ta aika a kira ni. Na tarar da ita zaune da sange biyu cikin ledarsu, ɗaya wanda aka ba surukarta wurin awon ciki, ɗaya wanda wani ya sayo mata a kasuwa. Ga kuma kwalbar fiya-fiya a gefen tabarma.

"Malam ƙarami," in ji ta, don haka take kirana tun da na fara koyarwa a lakwal, "kai da ka karanta ilimin halittu, gaya mini gaskiya. Sauron bana ba ya jin magani. Jiya da idona na ga ɗaya ya miƙe ƙafa bisa sange kamar ya biya haya. In dai sangen nan ba shi da amfani, gara in zuba kuɗina ga wannan." Ta nuna kwalbar da baki.

Na ce, "Gwaggo, miƙo mini ledojin in karanta tukuna."

Abin da ta gani gaskiya ne, hukuncin da ta yanke ne ke da gyara. Kuma tun da na san ba ita kaɗai ke riƙe da wannan tambaya ba a garin nan, na ga ya kyautu in rubuta abin da na gaya mata, har da wanda ban samu sukunin faɗa ba saboda kiran sallar magariba ya katse mu.

Mukan ce sauro ya saba da magani, kuma kalmar sabo ce ke ɓatar da mu. Macen sauro ƴan makonni take yi a duniya, yaushe ta zauna har ta saba? Abin ya fi kama da zaɓen iri. Manomi in ya girbe hatsi yakan ware zangarniyar da ta fi ƙwari ya ajiye don baɗi. Maganin ƙwari ma zaɓe yake yi, sai dai shi a kanmu zaɓen ke ƙarewa: ya kashe masu rauni, ya bar masu taurin rai su hayayyafa. Daga ƙwai zuwa sauro mai tashi wajen kwana 10 ne idan akwai ɗumi, kuma mace ɗaya na iya saka ƙwai 100 ko fiye a zubi guda. Ka lissafa zuriya nawa ke wucewa tsakanin Yuli da Oktoba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Taurin ran daga ina ya samo asali? Kowace halitta tana ɗauke da wani dogon rubutu a cikin ƙwayoyin jikinta, mai haruffa huɗu kacal, wanda masana ke kira DNA. Duk haihuwa sai an kwafe shi, kuma mai kwafi komai ƙwarewarsa wata rana alƙalaminsa kan zame. Yawancin zamewar ba ta daɗa komai, wata takan cutar. Jefi-jefi kuma sai harafi ɗaya ya canza daidai wurin da guba ke kamawa. Ba maganin ne ya yi canjin ba. Ya tarar da shi ne a jikin ƴan tsiraru, ya share musu fage.

Ba a ƙasar Bature aka fara ganin wannan ga sauron Afirka ba, a ƙasar Hausa ne. A 1955, a wani aikin gwaji na feshin gidaje a yankin Birnin Kabi, an lura sauron da ke kawo masassara ya daina mutuwa da maganin diyaldirin. Shekara saba'in ke nan ana wannan kokawa.

Dabarun sauro uku na tsira daga magani

Ba zai yiwu a kwatanta sange da sange ba sai an san abin da kowanne ke faɗa da shi, don haka a yi haƙuri da ni nan.

Ta farko tana jijiya. Saƙo na tafiya cikin jijiyar sauro ne ta wasu ƙananan ƙofofi da ke buɗewa su rufe cikin ƙiftawar ido, suna shigar da sinadarin sodiyam. Magungunan dangin firetiroyid, waɗanda su ne a jikin kusan kowane sange tun fil azal, suna maƙale wa ƙofar su hana ta rufuwa. Jijiya ta rikice, sauro ya yi ta karkarwa, ya faɗi. Canjin harafi ɗaya, daga TTA zuwa TTT, ya ɗan sauya siffar ƙofar, sai maganin ya rasa wurin riƙo mai kyau. Masana suna kiran wannan kdr, lambarsa L1014F, kuma a 1998 aka bayyana shi a jikin sauron Kwaddibuwa da Burkina Faso. Bayan shekara biyu aka sami ɗan'uwansa a Kenya, L1014S, a wuri guda amma da wani harafi dabam. A 2012 kuma aka gano na uku, N1575Y, wanda ba a samunsa sai tare da na farkon, yana ƙara masa ƙarfi. Tsohon maganin nan DDT ƙofa guda yake bi da firetiroyid, saboda haka sauron da ya tsira daga wannan ya tsira daga wancan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mu a Nijar muna da tarihin abin a rubuce. A ƙarshen 2005 da farkon 2006 an raba sange mai magani fiye da miliyan 2 a faɗin ƙasa, haɗe da allurar shan-inna. Masu bincike na cibiyar CERMES da ke Yamai sun bi sauro kafin rabon da bayansa, kuma a 2008 suka wallafa cewa kdr na ƙaruwa shekara bayan shekara. Rabon ya ceci yara masu yawa, wannan babu ja. Amma ya kuma zama rariya.

Ta biyu ta shafi wani sinadari da ke share saƙo bayan ya isa, kamar yaron da ke goge allo don a sake rubutu. Magungunan dangin oganofosfet da kabamet suna ɗaure wannan mai gogewa, saƙo ya taru, jiki ya sanƙare. Canjin da ake kira G119S, a ƙwayar gadon ace-1, yana hana su ɗaure shi. Wannan canji yana da tsada ga sauron, domin mai gogewar da aka sauya ba ya aiki da kyau, kuma da yawa cikin masu ɗauke da shi kan mutu tun suna cikin ruwa. To ka ji wayon halitta: a wasu wurare na Afirka ta Yamma an tarar ƙwayar gadon ta ninku, sauro ɗaya na riƙe da tsohon kwafi da sabo, yana cin moriyar duka biyu. A riƙe wannan a rai, za mu dawo kansa idan mun zo kan kwalbar gwaggo.

Ta uku ita ce mafi haɗari, kuma ita ce mutane suka fi rashin sani. Jikin sauro yana da wasu sinadarai masu narka guba, irin aikin da hanta ke yi mana. Babban danginsu shi ne P450. Sauye-sauyen gado kan sa sauro ya riƙa ƙera su ninkin-ba-ninkin, wani lokaci saboda ƙwayar gadon ta ninku, wani lokaci saboda makunninta ya maƙale a kunne. Biyu da suka yi suna a sauron yankinmu su ne CYP6P3 da CYP6M2. Mai irin wannan gado yana narka maganin tun kafin ya kai ga jijiya. Idan ya haɗa da kdr kuwa, ga ganuwa ga ƙofa mai sakata. Akwai ma waɗanda fatar ƙafarsu ta ƙara kauri, maganin na jinkirin shiga.

Kada a ce wannan labarin nesa ne. A 2019 an wallafa wani bincike da aka yi kan sauron cikin ɗakuna a Tasawa, nan cikin jiharmu, wanda masana da suka haɗa da na Jami'ar Bayero ta Kano suka gudanar. Sauron da suka kama nau'in Anopheles coluzzii ne. Sun same shi da juriya mai tsanani ga firetiroyid da DDT, kdr ya yawaita a jikinsa, kuma akwai alamar masu narka guba na aiki. Sauron Tasawa da na Maraɗi ba sa neman biza kafin su haɗa zuriya.

Ni a ganina ba adalci ba ne a ɗora wa sange laifin duka. Duk wanda ya taɓa shiga lambunan Jiratawa ko gonakin wake da damina ya san yawan feshin da ake yi, kuma da yawa cikin magungunan noman dangin firetiroyid ne su ma. Ragowarsu na gangarawa cikin ruwan da tsutsar sauro ke girma. A Burkina Faso an daɗe da nuna cewa juriya ta fi ƙarfi a yankunan noman auduga. Sauro na fara karatunsa tun a gona kafin ya iso ɗaki.

Sangen da muka saba da shi

Wannan shi ne mai firetiroyid kaɗai. A jikin leda za ka ga sunan magani ɗaya tak, mai ƙarewa da "thrin" ko "thrine". PermaNet 2.0 da Olyset na asali suna cikin wannan aji. An ƙera su don su jure wanki 20 da amfanin shekara 3.

Dabara ta farko da ta uku duk a kansa suke ƙarewa, shi ya sa gwaggo ta ga sauro ya miƙe ƙafa. Amma a nan ne nake rabuwa da masu cewa a jefar da shi. Sange abu biyu ne a haɗe, guba da katanga. Babu wani canjin gado da zai ratsa da sauro ta cikin saƙar da ba ta yage ba. Ƙari ga haka, maganin ko bai kashe nan take ba yana rage wa sauro kwana, kuma juriya na raguwa yayin da sauro ke tsufa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin ƙwayar masassara na bukatar kwana 10 zuwa 14 a cikin sauro kafin ta iya shiga jikin mutum. Tsohuwar sauro ce mai kisa, kuma ita ce maganin ya fi samu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranci bincike a ƙasashe biyar, Benin, Kamaru, Kenya, Sudan da Indiya, aka wallafa a 2018, ya nuna masu kwana cikin sange sun fi tsira daga masassara har a wuraren da sauro ke da juriya.

Rauninsa shi ne da zarar ya huje, tsaron ya ragu ƙwarai. A da, sauron da ke neman huda kan mutu kafin ya samu. Yanzu yana da lokacin lalube. Wata asarar kuma ta unguwa ce: sangen da ke kashe sauro yana kare har maƙwabcin da ba shi da sange, wanda ba ya kashewa kuwa mai shi kaɗai yake karewa.

Mai PBO

PBO wani sinadari ne da ake haɗawa da firetiroyid a jikin sange, shi kansa ba ya kashe sauro. Aikinsa ɗaure masu narka guba, dangin P450 ɗin nan, don firetiroyid ya samu ya isa jijiya. Kamar a riƙe karen gida ne kafin a shiga. Da haka za ka gane iyakarsa: yana maganin dabara ta uku, bai taɓa kdr ba ko kaɗan. Sai dai tun da masu narka guba ne ke ɗauke da kaso babba na juriyar a wurare da yawa, riƙe su kaɗai na kawo bambanci mai yawa.

An gwada shi a gundumar Muleba ta Tanzaniya. Yaran ƙauyukan da aka ba mai PBO an same su da ƙwayar masassara ƙasa da na sauran da wajen kashi 44 cikin ɗari a shekarar farko, kashi 33 a ta biyu. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi.

Kalli lambobin nan biyu, 44 da 33. PBO ya fi firetiroyid saurin barin zare, wanki da zafi na cinye shi, har wata rana sangen ya koma na talaka ba tare da ya yi maka sallama ba. Da irin zafin Afrilu da Mayu na garin nan, da al'adarmu ta kwana a tsakar gida a bar sange rataye rana ta dake shi, ina ganin mu ya kamata mu fi kowa kula da wannan.

Akwai kuma bambanci tsakanin kamfani da kamfani. Olyset Plus yana da PBO a ko'ina. PermaNet 3.0 kuwa a rufinsa kaɗai aka sa. Da farko na ɗauka rowa ce, sai na fahimci dalilin: ɗumin jiki da numfashi sama suke tashi, kuma da aka ɗauki hoton zirga-zirgar sauro da dare an ga a rufin ya fi yin dandazo. Don haka mai irin wannan sange kada ya shanya zane ko ya ɗora kaya a samansa, ya rufe wurin da maganin yake.

Mai kulofenafir

A nan zan daɗe, don shi ne zaɓina.

Wannan sange magani biyu ne a jikinsa, firetiroyid da wani da ake rubutawa chlorfenapyr a jikin leda. Interceptor G2 na kamfanin BASF na Jamus ne ya fara fitowa, PermaNet Dual ya biyo baya a 2023. Kulofenafir bai da ruwa da jijiya. Ƙananan murahun da ke cikin ƙwayoyin jiki, inda abinci ke zama ƙarfi, su yake kashewa. Sauron ya rasa kuzari, ya mutu. Tun da ba ta ƙofar sodiyam yake bi ba, kdr bai amfana wa sauro komai a nan. G119S ma haka.

Ga inda abin ya fi burge ni. Kulofenafir yadda yake a jikin zare bai gama zama guba ba. Sai ya shiga jikin sauro, masu narka guban nan na P450 su taɓa shi, sannan ya rikiɗa ya zama mai kisa. Makamin da sauro ya tara don kare kansa shi ke dafa masa ajali. Ƙaiƙayi koma kan masheƙiya.

An gwada shi a Misungwi ta Tanzaniya, inda kamuwar yara da masassara ta ragu da kashi 44 cikin ɗari cikin shekara biyu idan aka kwatanta da sangen da muka saba. An sake gwadawa a yankin Zou na Jamhuriyar Benin, maƙwabciyarmu, aka sami kashi 46. A watan Maris na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara mai ƙarfi cewa inda sauro ke da juriya a fifita shi a kan mai firetiroyid kaɗai, ta kuma ce ana iya fifita shi a kan mai PBO.

Yana da aibu biyu da ya kamata mai saye ya sani. Na farko, ba ya kisan gaggawa. Sauro na iya taɓa shi ya tashi lafiya lau, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku ya mutu a wani lungu. Wanda ke auna ingancin sange da gawar sauro a kan tabarma da safe zai ce an cuce shi. Mu kuwa mutanen gani-ya-kori-ji ne, shi ya sa nake tsoron a yi wa wannan sange mummunan suna a banza. Na biyu, shi ma yana tsufa. A gwajin Benin fifikonsa ya ragu sosai a shekara ta uku. Kuma kada wani ya ɗauka an gama da sauro: alƙalamin da ya zame a kan ƙofar sodiyam bai daina rubutu ba.

Akwai na huɗu, irin su Royal Guard, mai ɗauke da wani magani da ke hana macen sauro haihuwa. Tunanin ya yi kyau, amma a gwaje-gwajen Tanzaniya da Benin ɗin nan bai taka rawar gani kamar kulofenafir ba, kuma hukumar ba ta fifita shi a kan mai PBO ba. In an ba ka, karɓi ka rataya. In saye za ka yi, ga waɗanda suka fi shi.

Kwalbar gwaggo da ƴan uwanta

Maganin kunnawa mai hayaƙi da na fesawa na gwangwani, yawancinsu firetiroyid ne. Juya gwangwanin ka karanta, za ka ga "thrin" ɗin nan. Ƙofa guda suke bi da sangen da ake kuka da shi, saboda haka wanda ya bar sange ya koma gare su don gudun juriya bai je ko'ina ba. Suna korar sauro na ɗan lokaci, suna da amfani wurin hira bayan isha'i kafin a shiga sange. Amma hayaƙin kan mutu, feshin kan baje, sauron masassara kuwa tsakar dare zuwa asuba ya fi cizo. Ga kuɗin da ke fita kullum, wanda in ka tara na damina ɗaya za ka riƙe baki. Ga tari ga jarirai a ɗakin da aka rufe, ga haɗarin gobara kusa da katifa.

Fiya-fiya dabam take. Abin da aka fi ɗurawa a cikinta dikulobos ne, maganin gona na dangin oganofosfet. Gaskiya tana kashe sauro, har wanda ke da kdr, domin ta ɗaya hanyar take bi, kuma wannan ne ya sa mutane suka yarda da ita. To amma mai goge allon nan da take ɗaurewa a jikin sauro, irinsa ne a jikin ɗan Adam. Shi ya sa wanda ta buga yake dalalar da miyau, ƙwayar idonsa ta ƙanƙance, numfashi ya gagara. Ba a san ƙarfin abin da ke cikin kwalbar da ba ta da lakabi ba, kuma kwalbar na zaune inda yaro mai rarrafe zai kai hannu. Ƙarfinta na bajewa da wuri, gobe sai an sake. Kowane yayyafi kuma zaɓen iri ne ga masu G119S, wato muna lalata dangin magungunan da hukuma ke bukata idan ta tashi feshin bango. Ban ga ta inda ribarta ta kai hasararta ba, kuma haka na gaya wa gwaggo ba tare da kwana-kwana ba.

Feshin bango na hukuma, da sababbin magunguna masu daɗewa watanni, yana aiki, amma ba abu ne da magidanci zai zaɓa shi kaɗai ba. Sai an fesa yawancin gidajen gari yake da tasiri. Na bar wa PNLP, hukumar yaƙi da masassara ta ƙasa, wannan.

Wani abu da ke rikita hukuncinmu a cikin gari shi ne ba duk sauro ne na masassara ba. Mai yawan kuka a kunne, wanda ke fitowa daga kwata da masai da ruwan wanke-wanke, Culex ne. Juriyarsa ta daɗe da shahara, amma ba ya ɗaukar masassara. Na masassara ya fi son ruwan sama da ya kwanta a rana, irin na ramukan da aka haƙa ƙasar gini da sawun shanu. Ka duba zamansa a bango: Culex yana kwantar da jikinsa daidai da bangon, Anopheles kuwa yana ɗaga bayansa sama kamar an soka tsinke a karkace. Da na tambayi gwaggo yadda mai biyan hayar nan ya zauna, dariya ta yi ta ce ita ba ta duba masa gindi ba.

To, wanne?

In an ba ka zaɓi, ko za ka fitar da kuɗinka, nemi mai chlorfenapyr a rubuce. In babu, mai PBO. In babu, mai firetiroyid kaɗai amma sabo, mai sunan kamfani da sunan magani da ranar ƙerawa a jikin lakabin da aka ɗinke masa. Da babu gara ba daɗi. Sai dai wannan jeri na sababbi ne. Tsakanin Interceptor G2 mai shekara uku da huda goma da PermaNet 2.0 da aka ciro daga leda yau, ni na biyun zan kwantar da ɗana a ciki. Kuma in sange mafi kyau ɗaya ne a gida, na mai ciki ne da ƙananan yara, maigida ya yi haƙuri da ɗayan. Wanda ake bayarwa kyauta wurin awo ko lokacin rabon gari sau da yawa ya fi na kasuwa tabbas, don an san inda ya fito.

Kowanne ka samu, a shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin a fara kwana ciki, saboda ƙaiƙayin fuska. Wanki da sabulu na gari da ruwan sanyi, ba da garin omo ko jabel ba, ba kuma a kai a kai ba. Shanya a inuwa. Masu kwana a tsakar gida su naɗe shi da safe su shigar ɗaki. Huda ko ta kai girman ɗan yatsa a ɗinke ta ran nan. Kuma babu sangen da ke maye gurbin maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata da damina, ko gwajin jini a likita ranar da jiki ya yi zafi.

Da na karanta ledojin gwaggo, na wurin awon an rubuta PBO ɓaro-ɓaro a jikinsa. Na kasuwar kuwa kyakkyawa ne, ruwan hoda, da leshi a bakinsa, amma babu sunan magani ko ɗaya, babu kamfani, babu kwanan wata. Na ce mai PBO a rataya wa surukar da ƴan yaran, mai leshin ita ta shiga kafin a samo mata wani, ta riƙa cusa bakinsa ƙarƙashin katifa. Kwalbar kuma na ce zan tafi da ita.

"Tafi da ita ina? Dala arba'in na saye ta."

Na ciro dala arba'in na ajiye a kan tabarma. Ta ƙirga, ta ɗaure a bakin zane, sannan ta ce in dawo ran Juma'a da guduma da ƙusa, don igiyar ɗakin surukar ba ta kai kusurwa ta huɗu ba.